Ruwan da ke Ɓoye a Cikin Kwanon Abinci

Da an ce tattalin ruwa, sai hankali ya tafi kan famfo da jarkar mai garuwa. Alhali abin da mutum ke sha a wuni bai wuce lita 2 zuwa 3 ba, amma abincinsa na wannan wunin sai ya lashe lita 2,000 zuwa 5,000 kafin ya iso gabansa. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan da ake ɗiba a koguna, tafkuna da ƙarƙashin ƙasa, noma ne ke shanye shi.

A matsakaicin lissafin masana, kilo ɗaya na shinkafa na cin kimanin lita 2,500, wato jarka 100 mai lita 25. Kilon naman sa kuwa ya haura lita 15,000, galibinsa ruwan da ya raya ciyawa da hatsin da dabbar ta ci. Ko kofin shayi ɗaya, ganyensa kawai ya sha kusan lita 30.

Sai dai ruwa suna ya tara. Geron damina da saniyar da ke kiwo a daji ruwan sama suka dogara da shi. Shinkafa da tumatirin rani kuwa daga madatsa da rijiyoyin burtsatse ake shayar da su, ruwan da masunta da makiyaya da mutanen gari ke jira. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika dausayin Haɗeja da Nguru ta ragu matuƙa.

Don haka kwandon tumatirin da ya ruɓe a kasuwar Kwanar Gafan, da dafa-dukar biki da aka kife a bola, ruwan Tiga ne aka zubar. A duniya, kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake nomawa haka yake salwanta.

Uwargida, a dafa daidai ci. Masu biki, ragowa a miƙa wa mabuƙata tun ba ta lalace ba. Manomi, tumatirin da ya rasa kasuwa a yanka a shanya, shinkafa kuma a bar ta ta ɗan tsane kafin a sake sako ruwa. Addinin da ya hana ɓarnar ruwa ko a wajen alwala ba zai yarda da ɓarnar abinci ba.