Maki ɗaya tak ya hana su lada

Duk mai sauraron shirye-shiryen podkas na wasannin bidiyo ya san gardamar nan da ba ta ƙarewa: wasa kaza 7 ya cancanta ko 8? Masu sauraro su yi ta cacar baki, wai an zalunci gwaninsu. Kar ka ɗauka surutun banza ne, don akwai kuɗi da abincin mutane a ciki.

A Nuwamban 2007, shafin GameSpot na Amurka ya sallami Jeff Gerstmann jim kaɗan bayan ya bai wa Kane & Lynch maki 6 cikin 10, alhali tallan wasan ya cika shafin maƙil. Sai a 2012 ya fito fili ya ce matsin lambar masu talla ne silar korarsa. Kafin nan ya riga ya kafa Giant Bomb da shirinsa na Giant Bombcast, inda akan shafe sa'o'i ana tankaɗe da rairayar wasanni.

Na kamfanin Obsidian ma ya fi ciwo. Wasansu Fallout: New Vegas na 2010 ya samu 84 a Metacritic, shafin da ke haɗa makin masu sharhi ya fitar da matsakaici. Yarjejeniyarsu da Bethesda kuwa ta ce sai an kai 85 za a biya ƙarin kuɗi. Haka suka tashi a tutar babu.

Eurogamer ta Ingila ta gaji, ta daina bayar da maki a 2015. Abin bai ɗore ba: a 2023 ta dawo da taurari biyar.