Antibodi na Ɗakin Gwaji da Aikinsa wajen Gano Makarɓan Kumburi

Tun a ƙarni na farko na Miladiyya wani marubuci Barome, wai shi Celsus, ya lissafta alamun kumburi guda huɗu, watau ja, da tasawa, da zafi, da ciwo. Waɗannan duka ido yana gani, ko kuwa jiki ya ji. Abin da ido ba ya gani shi ne yadda labarin rauni yake kai wa fararen ƙwayoyin jini, har su taru a wurin.

Wurin da ya ji rauni yakan saki waɗansu sinadarai a matsayin saƙo, irin su TNF da IL-6. A bayan kowace farar ƙwaya kuwa akwai waɗansu ƙananan abubuwa da saƙon yake sauka a kansu, waɗanda za mu kira makarɓa a wannan takarda. Kowane saƙo da irin nasa makarɓi. Wanda ya san irin makarɓan da ke kan ƙwaya, da yawansu, ya san kiran da za ta amsa. Amma ƙanƙantarsu ta kai inda madubin likita ba ya bambanta su, sai an sa musu alama.

Alamar nan ita ce antibodi, watau wani furotin da jiki yake yi don yaƙi da cuta. Siffarsa kamar gwafa take, hannu biyu da gindi ɗaya. Hannuwan nan suna kama abin da ya dace da su, su bar sauran. A 1941 Albert Coons na Jami'ar Harvard ya nuna ana iya liƙa wa antibodi rini mai ƙyalli, don a ga inda ya sauka. Sai dai antibodin zamanin nan daga jinin dabba ake samunsa, gauraye yake, na wannan zomo kuma dabam da na wancan.

A 1975 Georges Köhler da César Milstein, a Kambirij ta Ingila, suka haɗa ƙwayar saifar ɓera da ƙwayar ciwon daji wadda ba ta daina hayayyafa. Zuriyar haɗin nan ta riƙa yin antibodi iri ɗaya tak, ba yankewa. Aka ba su lambar Nobel a 1984. Da irin wannan antibodi ya yawaita, sai masana suka taru a Faris a 1982, suka fara ba abubuwan da yake kamawa lambobi masu farawa da CD. Makarɓan TNF biyu su ne CD120a da CD120b, na IL-6 kuwa CD126.

Ga yadda gwajin yake. A ɗebi jini kaɗan, a zuba masa antibodi mai rini, a dakata, sa'an nan a wanke wanda bai kama kome ba. Daga nan a tura ƙwayoyin cikin na'ura, su wuce ɗaya bayan ɗaya ta gaban hasken leza, dubbai a daƙiƙa guda. Na'urar tana auna ƙyallin kowace. Leonard Herzenberg na Jami'ar Stanford yana cikin waɗanda suka kafa wannan hanya.

To, a nan ne hankali ya wajaba. Waɗansu fararen ƙwayoyi, musamman monosait, suna da makarɓan da aikinsu shi ne riƙe gindin antibodi, ko da hannuwansa ba su kama kome ba. Matattun ƙwayoyi ma sukan sha rini barkatai. Ta haka ƙwaya takan yi ƙyalli alhali makarɓin da ake nema ba ya nan. Saboda haka mai gwaji yakan fara toshe makarɓan gindi da antibodi marar rini, ya ware matattun ƙwayoyi, ya kuma gwada antibodinsa a kan ƙwayar da aka tabbata ba ta da makarɓin. In ita ma ta yi ƙyalli, an ƙi shaidarsa ke nan.

Abin lura, ɗaya daga cikin makarɓan gindin nan, watau CD64, shi kansa alamar kumburi ne. A lokacin lafiya kaɗan ne ƙwarai a kan ƙwayar nutrofil, amma yakan yawaita cikin sa'o'i kaɗan idan ƙwayoyin cuta sun shiga jini. Don haka aka yi ta bincike a kansa wajen gane wannan ciwo ga jarirai, inda jinkiri yake da hatsari. Ƙyallin ƙarya a irin wannan wuri yana iya sa a ba mai lafiya magani, rashin ƙyalli kuma ya sa a bar majinyaci.

Malamin da zai karantar da wannan fanni ya kamata ya nuna wa ɗalibansa cewa na'ura ƙyalli kaɗai take aunawa. Tabbatar da cewa ƙyallin nan daga makarɓin yake, wannan aikin mai gwaji ne, kuma kafin a fara ƙidaya ake yinsa.