Rana Da Fatar Masunta: Abin Da Ya Kamata Uwargida Ta Sani

 Yau filin namu zai gangara bakin ruwa ne, wurin mutanen da ke kawo mana tarwaɗa da karfasa da bandar da muke jefawa a miya. Da yawa daga cikinmu ba mu san masunta ba sai a bikin Argungu, wanda aka fara tun 1934, inda jama'a kan faɗa kogin Matan Fada da gora da homa, kamar awa guda a fito. To, wannan wasa ne. Su na sosai kullum ake yin sa, a Yawuri da tafkin Kainji, da Baga ta bakin tafkin Chadi, da fadamun Haɗeja da Nguru, da madatsar ruwa ta Tiga. Mutum yakan shekara talatin ko arba'in yana yini cikin kwalekwale, ba inuwar itace ba ta rumfa. Abin da ranar nan ke yi wa fatarsa, da ta matarsa da 'ya'yansa, shi ne zancenmu na yau.

Na san wata za ta ce, ai cutar rana ta Turawa ce, ina ruwan baƙar fata? Maganarta da gaskiya a ciki, amma ba ta cika ba. A biyo ni a hankali.

Abin da ke cikin hasken rana

Banda hasken da ido ke gani da zafin da jiki ke ji, akwai wani ɓoyayyen haske a cikin rana, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da UV. Ba a ganin sa, ba a kuma jin ɗuminsa. Yakan ratsa fata ya taɓa 'yan ƙananan ƙwayoyin da fatar ke sabunta kanta da su. Jiki na gyara ɓarnar kullum, amma in abin ya yi ta maimaituwa shekara da shekaru, wata ƙwayar sai ta lalace ta shiga hayayyafa ba tsayawa. Wannan shi ne ciwon daji na fata, watau sankara.

Hasken nan ya fi ƙarfi daga ƙarfe 10 na safe zuwa ƙarfe 4 na yamma. Ga hanya mai sauƙi ta ganewa: in inuwarki ta fi ki gajarta, to rana na kan ganiyar cutarwa. Gajimare marar kauri ba ya tare shi. Masunci kuwa ta sama da ta ƙasa yake shan sa, domin ruwa na mayar da wani abu daga cikin hasken zuwa fuska, busasshen yashin bakin ruwa kuma na mayar da wajen kashi 15 cikin 100. Daɗa ga iskar ruwa mai sanyi tana ruɗin mutum, ya ɗauka ranar ba ta yi komai ba. Riga ma in ta jiƙe, kariyarta raguwa take yi.

Abin da likitoci suka gano

Wannan ba sabon labari ba ne. Tun 1894 wani likitan fata na birnin Hambug a Jamus, Dokta Unna, ya lura da yadda fatar ma'aikatan jiragen ruwa ke kauri tana bushewa tana yin tabo-tabo, daga bisani wani wurin ya zama sankara, har ya sa wa abin suna fatar matuƙin jirgi. A 1975 aka buga wani bincike a kan masuntan tsibirin Niyufanlan na ƙasar Kanada, aka ga sun fi sauran mazan wurin kamuwa da sankarar leɓe. A 1988 kuma likitocin ido suka duba masunta sama da 800 a jihar Merilan ta Amurka, suka tarar waɗanda suka fi shan rana sun fi samun wani irin yanar ido.

A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fid da ƙididdiga cewa a shekarar 2019 kaɗai, mutum kusan 19,000 suka rasu da sankarar fata ta dalilin aiki cikin rana. Sun ce a irin sankarar fatar da ta fi yawa, kusan mutuwa ɗaya cikin kowace uku daga aikin rana take.

To mu fa?

Yawancin waɗanda aka yi binciken nan a kansu fararen fata ne. Mu Allah ya yi mana baiwa da wani sinadari a fata mai suna melanin, shi ne ke ba mu launinmu, shi ne kuma ke tare yawancin ɓoyayyen hasken nan kamar laima. Don haka sankarar da rana ke kawowa ba ta da yawa a cikin baƙar fata. Sai dai akwai wuraren da laimar ba ta rufe sosai ba, akwai kuma hanyoyin da sankarar fata ke bi ta same mu ko da ba ta rana ba. Abin baƙin ciki, da yake mun sakankance cutar ba tamu ba ce, ba mu zuwa asibiti sai ta ci jiki.

Na farko shi ne leɓen ƙasa. Fatarsa siririya ce, kuma shi ke fuskantar sama. In kika ga leɓen maigida kullum a bushe yana saɓa, ko ya yi fari-fari, ko ya tsage ya ƙi warkewa har bayan hunturu ya wuce, kada ki ce iska ce kawai. In yana shan taba, hatsarin ya ƙaru.

Na biyu ido. Rana da iska da ƙura sukan sa wani ɗan nama ya tsiro daga gefen farin ido yana rarrafowa zuwa baƙin, su kuma gaggauta yanar ido ga wanda ya fara manyanta.

Na uku, wanda ya fi yi mana ɓarna a nan ƙasar, shi ne tsohon gyambo da tabon ƙuna. Masunci ba ya rabuwa da rauni a ƙafa: yau ƙaya, gobe ƙugiya, jibi gefen jirgi, ga shi kullum ƙafar na cikin ruwa ciwon bai sami bushewa ba. Mata masu banda kuma wuta na lasar su. Gyambon da ya shekara da shekaru bai warke ba, ko tsohon tabon ƙuna da ya sake buɗewa, yana iya juyewa ya zama sankara. Alamarsa ita ce bakin ciwon ya tashi ya yi tauri, nama ya riƙa tsirowa a ciki, yana wari, yana zub da jini da an ɗan taɓa shi.

Na huɗu shi ne baƙin tabo a tafin ƙafa ko tafin hannu ko ƙarƙashin farce. Wannan ba rana ke kawo shi ba, amma na ambace shi domin shi ne mugun iri, kuma a waɗannan wuraren ya fi fito wa baƙar fata. Shi ya yi ajalin mawaƙin nan na Jamaika, Bob Marley, a 1981 yana da shekara 36, daga ƙarƙashin farcen yatsan ƙafa kuwa ya faro. Mai yawo ba takalmi sai ya ɗauka taruwar jini ce.

Sa'an nan ina jan kunnen 'yan'uwana masu shafa man bilicin. Man nan melanin ɗin da ke kare ki yake ragewa, wani kuma yana sa fata ta yi siriri. Wadda ta shafa shi ta je ta yini tana shanyar kifi ko talla a rana, ta yaye wa kanta rufi ke nan da hannunta.

Zancen zabiya

Yanzu ga inda na fi so ku buɗe kunne. Yaron da aka haifa zabiya ba shi da melanin sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ranar da ɗan'uwansa zai yini a ciki lafiya lau, shi cikin ɗan lokaci za ta ƙone shi, ya yi ja, ya yi bororo. Tun yana ƙarami za a ga fatar wuya da kunne da bayan hannu ta yi kaushi, ta fara fid da 'yan ɓawo masu kama da yashi. Waɗannan ɓawon su ne mafarin cutar. A ƙasashenmu masu zafi, zabiya da yawa sankarar fata kan kama su tun suna samari da 'yan mata, ta kuma yi ajalin wasu kafin su kai shekara 40. Alhali kuwa cuta ce da ake iya kauce mata.

A gidan masunta, ɗa namiji da ya tasa jirgi ake sa shi, mace kuma a tura ta shanya ko talla. Ga zabiya wannan daidai yake da jefa shi cikin wuta sannu a hankali. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: a sa shi makaranta, a koya masa sana'ar inuwa kamar ɗinki ko tsaron kanti. In ya zama tilas ya taimaka, to ya yi da asuba ko bayan la'asar, ko ya zauna gyaran koma a ƙarƙashin rumfa. Mu malamai kuma mu sa shi a layin gaba, domin yawancinsu ganinsu na da rauni, kada mu tsai da shi a fili da tsakar rana, mu kuma bar shi ya sa malafa da riga mai dogon hannu ko da ba sa cikin kayan makaranta.

A kuma daina ɗora wa uwa laifi. Zabiyanci gado ne da ke fitowa in uwa da uba duka biyu suna ɗauke da shi a jininsu, ko da su baƙaƙe ne wuluk. Ba aikin aljanu ba ne, ba a kuma ɗaukar sa ta wurin cin abinci tare. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 13 ga watan Yuni na kowace shekara domin wayar da kai a kan haka, an kuwa fara tun 2015.

Alamomin da za ki lura da su

Uwargida, ke ce mai ganin bayan wuyan maigida da kunnensa, wuraren da shi ba ya gani. Ke ce mai yi wa yara wanka. Saboda haka ki sa ido a kan waɗannan:

1. Ciwon da ya wuce wata guda bai warke ba, ko ya warke ya dawo a wuri ɗaya.
2. Ƙurji ko ƙullutu mai girma, mai ɓawo, mai saurin zub da jini.
3. Tawadar Allah da ta sake kama: ta ƙara faɗi, ko launinta ya rarrabu, ko gefenta ya karkace.
4. Baƙin tabo sabo a tafin ƙafa, ko baƙin layi a farce da ke ƙara faɗi.
5. Kaluluwar da ta ƙi sauka a wuya ko hammata ko matsematsi, kusa da wani ciwo.

In kin ga ɗaya daga ciki, sai asibiti. Kada a kai wa wanzami ya tsaga, kada a ɗaura ganye ko toka a zauna jira. Akwai masu cewa ciwon daji ba ya son allura ko wuƙar likita. Wannan magana ta kai mutane da yawa kabari. Yawancin sankarar fata in an tare ta tana ƙarama, ɗan yanka kaɗan ne a cire ta, mutum ya koma gida ya ci gaba da sana'arsa. In aka bari ta shiga ƙashi, sai a kai ga yanke ƙafa, wani lokaci ma a rasa ran. Likitan ƙaramin asibiti zai duba, in da bukata ya tura ku asibitin koyarwa na Sakkwato ko Zariya ko Kano ko Maiduguri, inda za a ɗebi ɗan nama a auna.

Rigakafi ya fi magani

Ba cewa na yi a bar su ba, da me za a ci? Ba kuma cewa na yi a guji rana ɗungum ba, domin jiki na bukatar ta kaɗan saboda ƙarfin ƙashi. Abin da ake so shi ne a rage.

Malafa mai faɗin baki ta fi hula da hular kwano, domin tana rufe kunne da wuya da hanci. Kakanninmu da suka saƙa ta sun san abin da suke yi. A sa riga mai dogon hannu, ta yadi mai kauri. Ki ɗaga yadin ki dubi rana ta cikinsa: in haske na ratsowa sosai, to ba zai tsare ba. Wanda ya sami hali ya sayi baƙin tabarau mai tare UV. A kafa 'yar rumfar zana ko ta buhu inda ake gyaran taru da feɗe kifi da ciniki. Mai shanya ta shimfiɗa kifinta ta koma inuwa, ba sai ta tsaya a kansa ba, mai goyo kuma kada ta bar kan jariri a rana. Aikin da zai yiwu da sassafe ko da yamma, kada a bar shi sai azahar. Kowane rauni a wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu, a rufe, a kuma sa takalmi.

Akwai man shafawa na tare rana a kantin magani, za ki ga an rubuta SPF da lamba a jikinsa. Mai lamba 30 zuwa sama ake so, zabiya kuwa mai lamba 50 ya fi dacewa da shi. Ana sake shafawa bayan kowace awa biyu, da kuma bayan an fito daga ruwa. Yana da tsada, shi ya sa na fara da malafa da riga. Man kaɗe da basilin suna laushin fata, amma kada a dogara da su wajen tare rana.

Ku kuma 'yan makaranta, musamman na garuruwan bakin ruwa, ga aikinku na gida. Ku karanta wa iyayenku mata wannan shafi, ku dubi ƙafar baba in ya dawo daga ruwa, in kuma akwai zabiya a ajinku ku ja ta inuwa lokacin tara, kada ku bari a riƙa yi mata ba'a.

Allah ya ba masuntanmu sa'a, ya tsare mu da zuriyarmu daga miyagun cututtuka, amin. Sai mun sake saduwa a wannan fili.