Tsohuwar Prado: abubuwan da ya kamata a duba kafin a biya kuɗi

A wuraren saida motoci na Yamai, Maraɗi da Damagaram, kat-kat ɗin da mutane suka fi tambaya akwai Toyota Prado samfurin 120, wadda aka ƙera daga 2002 zuwa 2009. Mafi yawansu sun gama aiki ne a Turai kafin a sauke su a tashar jirgin ruwa ta Kwatano ko ta Lome, kuma da wuya a samu wadda ba ta wuce kilomita dubu 200 ba. Lambar da ke kan kwantar ba ita ce abin tsoro ba, tun da ana iya mayar da ita baya. Abin da ke kashe irin wannan mota wasu ƙananan kaya ne da aka yi sakaci da su, sannan zafi da ƙurar ƙasarmu su ƙarasa aikin.

Tambaya ta farko ita ce wane inji ke ciki. Masu shan lisansi, wato mai lita 2,7 na 2TR da V6 mai lita 4, sarƙa ce ke juya su, kuma takan daɗe in ana canza mai a kan lokaci. Injin gazuwal mai lita 3, wanda ake rubuta wa D-4D, kuruwa ce ta roba. Kamfanin ya ce a canza ta kowane kilomita dubu 150, akwai ma ƴar fitila a tablo mai tunatarwa. Sai dai ana iya kashe fitilar ba tare da an taɓa kuruwar ba. In ta tsinke mota na tafiya, fistan da bawul su haɗu, gyara ya zama na inji gaba ɗaya. Don haka in babu takardar da ta nuna ranar da aka canza ta, a ɗauka ba a canza ba.

Wannan injin D-4D yana da wata cuta da makanikai suka sani. A ƙarƙashin kowane injekta akwai ƴar wasa da ke toshe hayaƙi. In ta ci, hayaƙi na ratsawa cikin man inji ya daskarar da shi kamar kwalta, ya toshe rariyar da fanfo ke tsotso mai ta cikinta. Injin sai ya ƙone da ƙishirwa alhali sandar awo na nuna mai a cike. Ana ganewa ne ranar bidanji: makaniki ya haska ramin da mai ke fita, ya leƙa rariyar. A kuma nemi a tada motar da sassafe, inji na sanyi. Ƙara mai kama da bugun guduma ko farin hayaƙi mai yawa alama ce injektoci sun gaji.

Sai maganar zafi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da awon zafi ke wuce digiri 40, radiyata mai datti ba ta iya kai mota daga Yamai zuwa Ƙonni da kilim a kunne. A buɗe murfinta inji na sanyi: ruwa mai launin tsatsa ko mai maiƙo a sama abin gudu ne. Ruwan rijiya da na fanfo suna barin gishiri a cikin bututu, ruwan da aka yi domin radiyata ne ya dace. Wanda ya ci karo da tsohon injin 1KZ ya ƙara lura, domin zafi ɗaya mai tsanani na iya tsaga kan injin.

Daga nan a sa motar kan rami a duba ƙasa. A ƙasashen sanyi gishiri ake watsawa bisa titi don narkar da ƙanƙara, shi ne ke cin shasi. Sabon baƙin fenti a ƙarƙashin tsohuwar mota ya isa a ƙwanƙwasa shi da guduma. A girgiza tayoyin gaba a ji ko rotil na wasa, domin in na ƙasa ya fita, taya kan kwanta nan take. A duba robobin kardan ko sun yage, da amortisa ko suna yoyo. Prado na jan ƙafa huɗu kullum, saboda haka tayoyi huɗun su zama awo ɗaya, in ba haka ba giyar tsakiya ce ke shan wahala.

Bayan saye, a yi kamar ba a taɓa yi wa motar komai ba: man inji, man giya, man difaransiyal na gaba da na baya, ruwan birki da dukan filtoci. A hanyoyinmu na jar ƙasa, bidanji kowane kilomita dubu 5 ya fi kwanciyar hankali, kuma lokacin hunturu a riƙa duba filtar iska akai-akai. Mai injin D-4D ya nisanci gazuwal na jarka a bakin hanya, domin ɗan ruwa ko ƙasa kaɗan ya isa ya lalata injektoci.

Duk wannan bincike aikin yini ɗaya ne ga makanikin da mai saye ya zo da shi da kansa. Dillalin da ya ƙi yarda a kai mota garaji ya riga ya ba da amsa.