Kuskuren adireshi: Yadda ake gyara manhajar da ke ɗinke sauran manhajoji

Daga rumfunan masu POS a garin Shanono har zuwa ofisoshin Sakatariyar Audu Bako da ke Kano, yau da wuya a yi hulɗar kuɗi ba tare da ta ratsa ta cikin waya ko wata na'ura ba. Sai dai kaɗan ne suka san cewa manhajar da ke tafiyar da waɗannan na'urori, kafin ta iso hannun jama'a, sai ta bi ta hannun wasu kayan aiki biyu da ba a ganinsu: asambula da linka. Idan suka kuskure lamba ɗaya, duk ƙwarewar marubucin manhajar ba za ta hana ta tuntuɓe ba.

Gurbin da ake bari

Ba a rubuta babbar manhaja a dunƙule, kashi-kashi ake yin ta. Aikin asambula shi ne juya kowane kashi zuwa lambobin da ƙwaƙwalwar na'ura ke ganewa. To amma idan wani kashi yana buƙatar kiran ɗan uwansa, asambula bai san inda wancan zai zauna a ma'ajiyar na'ura ba. Don haka sai ya bar gurbi, ya maƙala masa ɗan bayani: a nan za a sa adireshin wane, kuma ga yadda za a lissafa shi.

Misalinsa kamar manomin Shanono ne da ya loda buhunan dawa zuwa Kasuwar Dawanau. Ya rubuta sunan dillali a jikin kowane buhu, amma ya bar wurin lambar rumfa, domin sai an isa kasuwa za a san inda za a sauke. Linka shi ne mai karɓar kaya: ya jera kowane kashi a mazauninsa, sannan ya bi gurabun nan ɗaya bayan ɗaya ya cike su. Wannan shi ake kira daidaita adireshi, kuma dabarar ta daɗe, domin tun a 1949 David Wheeler ya yi amfani da irinta a kwamfutar EDSAC ta Jami'ar Kambirij da ke Ingila.

Inda gizo ke saƙa

Kowane gurbi yana da iyakar faɗinsa. A ƙwaƙwalwar Arm mai bit 64, irin wadda ke cikin akasarin wayoyin zamani, umarnin kira yana da gurbin bit 26 kacal, wanda ba ya kaiwa nesa da megabait 128 gaba ko baya. Idan abin da ake kira ya zarce haka, dole linka ya gina 'yar gada a tsakani, ko kuma ya tsaya ya sanar cewa adireshin ya fi ƙarfin gurbin. Mafi munin kuskure shi ne ya datse lambar ya yi shiru. Manhaja za ta fito lafiya lau a ido, sai ranar da aka taka wannan layin ta nufi rumfar da ba tata ba.

Abin da ya sa gano irin wannan matsala ke da wuya shi ne, ta dogara ne ga inda umarni ya faɗo. Ƙara layi ɗaya a wani wuri na iya gusar da komai, matsalar ta ɓuya, ta sake ɓullowa bayan watanni. Shi ya sa masu gyara kan yi ta rage manhajar har sai ta koma 'yan layukan da ke nuna kuskuren, su buɗe lambobin da kayan bincike irin su objdump da readelf, su gwada abin da linka ya rubuta da abin da ƙa'ida ta ce. Bayan gyara kuma sai su ajiye misalin a jerin gwaje-gwaje, don kada kuskuren ya dawo ta bayan gida.

Darasin Cortex-A53

Wani lokaci ma linka ne ke rufa wa ƙarfe asiri. Ƙwaƙwalwar Cortex-A53, wadda kamfanin Arm ya gabatar a 2012, tana cikin ɗimbin wayoyi masu sauƙin kuɗi, ciki har da samfura da dama na Tecno da Infinix. Daga baya an gano wani aibi a ƙirarta, aka ba shi lamba 843419. Ma'ajiyar na'ura a rabe take shafi-shafi, kowanne bait 4,096, wato mazaunin umarni 1,024. Idan umarnin ADRP, mai lissafa adireshi, ya faɗo a ɗaya daga mazaunai biyu na ƙarshen shafi, kuma wasu umarnin ɗauko ko ajiye bayani suka biyo shi a wani jeri na musamman, ƙwaƙwalwar na iya taɓa adireshin da ba shi ba ne.

Wayoyin da suka riga suka shiga kasuwa ba sa kiranyuwa. Kuma tun da linka kaɗai ya san mazaunin ƙarshe na kowane umarni, a wurinsa maganin yake. A 2015 aka ƙara wa linka na GNU ikon farautar wannan jeri: ko ya musanya ADRP da umarnin ADR idan abin da ake nema bai wuce nisan megabait ɗaya ba, ko ya ɗauke umarnin ƙarshe zuwa wani gefe, a je a aiwatar da shi a dawo. Kayan gina manhajojin Android suna kunna wannan kariya da kansu.

Ɗan kasuwa ko ma'aikaci ba ya buƙatar sanin ADRP kafin ya tura kuɗi. Abin da ya shafe shi shi ne, gyare-gyare irin wannan ba sa isa wayarsa sai an sake gina manhaja an aiko da sabon zubi. Saƙon sabuntawa da mutane da yawa ke ture wa gefe don tsimin data, sau da yawa ba sabon ado yake ɗauke da shi ba, gyaran ɓarakar da ido ba ya gani ne.