NA'URAR KUNNE: TSADA BA ITA CE DAƊIN SAUTI BA

Wanda ya taɓa kallon manyan mawaƙan duniya a talabijin zai lura da wani ɗan abu liƙe cikin kunnensu, da siririyar waya da ta zagaya ta bayan kunne. Wannan abu ɗan uwan abin saurare ne da matasanmu ke sa wa wayar salula, amma aikinsa ya fi ƙarfi, kuɗinsa kuma ya yi nisa. Akwai na dalar Amurka 20, akwai kuma wanda ya haura yuro 2,000, watau fiye da miliyan ɗaya da jika ɗari uku na kuɗinmu na sefa. To, mene ne cikinsa, kuma maganar wa za a kama kafin a zuba kuɗi?

ASALIN ABIN

A da, mawaƙi kan ji muryarsa ta lasifikar da aka girka gabansa bisa dandali. Ƙarar ganguna da ihun jama'a sukan rufe komi, sai a yi ta ƙara ƙarfin lasifika har kunne ya fara lalacewa. A shekarar 1995, wani mai kula da sauti a Amurka, Jerry Harvey, ya ƙera wa makaɗin gangunan ƙungiyar Van Halen ƴar na'urar da ke toshe kunne, ta tare hayaniyar waje, ta kai masa sautin da yake bukata kaɗai. Daga nan aka kafa kamfanin Ultimate Ears, wanda Logitech ya saya a 2008. Mafi tsadarsu akan ƙera su daidai da kunnen mai saye: gwanin kunne ya zuba wani irin danƙo mai taushi cikin kunnen, ya ɗauki siffarsa, sa'an nan a zuba ƙwanson bisa wannan siffa.

Abin da ke fitar da sautin iri biyu ne aka fi sani. Na farko ƙaramar lasifika ce mai fata da maganaɗisu, irin ta cikin rediyo. Na biyu ɗan ƙarfe ne siriri mai rawa tsakanin maganaɗisu biyu, wanda aka aro daga na'urar taimakon masu raunin ji. Da yake ƙanana ne ƙwarai, akan jera su da yawa, wasu su ɗauki sauti mai kauri, wasu mai siriri. Akwai kamfanin da ke zuba har 18 cikin kunne guda. A yau, da yawa daga cikin masu araha daga ƙasar Sin suke fitowa, musamman yankin Shenzhen.

IDO YANA RUƊIN KUNNE

Kowa zai zaci mai tsada ya fi daɗi. Masana sun gwada wannan zato. A 1994, Floyd Toole da Sean Olive na kamfanin Harman suka tara ma'aikata 40, suka sa su saurari lasifika iri huɗu. Da aka bar su suna ganin kayan, sai suka fifita manya masu sheƙi da tsada. Da aka ɓoye kayan bayan labule, sai tazarar ta ragu ƙwarai, ƙarama mai araha ta samu daraja. Kunnuwan ba su canja ba. Ido da suna ne suka yi aiki. A 2017 kuma, wani masani, Jeroen Breebaart, ya bincika awon na'urorin saurare 283, bai sami wata dangantaka tsakanin kuɗinsu da yadda suke daidaita sauti mai kauri da mai siriri ba.

Wannan ba ya nufin duka ɗaya suke. Akwai bambanci na gaske, kuma ana iya auna shi. Akan sa na'urar cikin kunnen roba mai ɗan makirufo, a zana yadda take fitar da kowane mataki na sauti, tun daga kaɗawa 20 har zuwa 20,000 cikin daƙiƙa, iyakar abin da kunnen yaro mai lafiya ke ji. Sai dai awo ma yana da iyaka. Ramin kunnen kowane mutum daban yake, kuma idan ƴar robar bakin na'urar ba ta toshe kunne sosai ba, sautin mai kauri sai ya zube, ko da nawa aka saye ta.

TSAKANIN DILLALI DA MAI SHAIDA

Da yake ba kasafai ake samun damar gwadawa kafin saye ba, jama'a sun dogara ga masu sharhin kaya a intanet. A nan ne gizo ke saƙar. Da yawansu kyauta kamfani ke aiko masu da kayan. Wasu suna da la'ada bisa kowane ciniki da aka yi ta hanyarsu. Wasu ma sun haɗa hannu da kamfanoni an fitar da kaya da sunansu. Mun san dillali a kasuwar dabbobi: sana'arsa halas ce, amma kowa ya san yana da rabo, shi ya sa mai saye ke buɗe bakin rago da kansa. Illar tana zuwa ne idan dillali ya shigo da rigar mai shaida.

Hukumomin wasu ƙasashe sun farga. A Faransa, dokar 9 ga watan Yuni 2023 ta wajabta wa masu tallata kaya a intanet su bayyana fili cewa talla ce. A Amurka, hukumar kula da ciniki ta kafa ƙa'ida a 2024 wadda ta haramta saye da sayar da sharhin ƙarya.

Saboda haka, mai sharhin da ya cancanci amana shi ne wanda ya faɗi yadda kayan suka zo hannunsa, ya nuna awo, ya daidaita ƙarfin sauti kafin ya gwada biyu, domin wanda ya ɗan fi ƙara kullum shi ake jin ya fi daɗi. A duba kuma ko ya taɓa kushe kayan kamfanin da ke yi masa alheri. Wanda bakinsa bai san komi ba sai yabo, roƙo yake yi.

KUNNEN DA BA A SAYE

Abu na ƙarshe ya fi duka muhimmanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin raunin ji saboda sauraren ƙara mai yawa. Mizaninta ga babba shi ne desibel 80, kamar ƙarar titi mai cunkoso, na awa 40 a mako; duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Ƴan gashin cikin kunne masu kama sauti idan suka mutu ba su sake tsirowa. Amfanin na'urar da ke toshe kunne shi ne ta tare hayaniya domin a saurara a hankali, kamar yadda aka ƙera ta tun farko.

Don haka, ɗan uwa, in za ka saya, ka nemi a ba ka ka gwada da waƙa ko karatun da ka saba da shi, kada ka tambayi kuɗin sai ka gama saurare. Ka rage ƙara, ka bar kunne ya huta. Na'ura in ta lalace akwai wata a kasuwa, amma ji in ya tafi ba ya da kanti. Allah ya kiyaye mana lafiyarmu.