Hasken Rana da Ciwon Damuwa: Mene Ne Gaskiyar Magana?

'Yan'uwa, kusan kowace unguwa akwai mutumin da a da shi ne mai fara'a, amma yanzu ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Ba ya jin daɗin abinci, barci ya ƙaurace masa, abin da yake ƙauna a da duk ya fita daga ransa. In wannan hali ya wuce mako 2, likitoci suna kiransa ciwon damuwa. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane kimanin miliyan 280 ne ke fama da shi.

Kwanan nan ana yawan jin cewa ƙarancin bitamin D ne ke kawo wannan ciwo. To, ina gaskiyar take?

Fatar jikinmu ce ke yin bitamin D idan rana ta taɓa ta, sa'an nan hanta da ƙoda su gyara shi. Babban aikinsa shi ne taimakon jiki ya karɓi sinadarin kalsiyam domin ƙashi ya yi ƙarfi. Ana samunsa kuma a kifi mai mai kamar sadin da taitus, da gwaiduwar ƙwai, da hanta. Kada mu ce ai muna ƙasar rana. Baƙar fata takan ɗauki lokaci fiye da fara kafin ta yi shi, kuma hasken da ya ratso gilashin taga ba ya wannan aiki. Tsoho da ke kwance a ɗaki da ma'aikacin da ke yini a ofis suna iya rasa shi.

A 2013 masana suka haɗa binciken da aka yi a kan mutane fiye da 31,000, suka ga cewa masu ciwon damuwa sun fi yawan ƙarancin bitamin D. Amma ganin abu biyu tare bai nuna wanda ya haifi wani ba. Mai damuwa ba ya fita waje, ba ya cin abinci sosai, don haka mai yiwuwa ciwon ne ya jawo ƙarancin.

Domin a gwada, a Amurka aka ɗauki mutane 18,353 masu shekara 50 zuwa sama. Rabinsu suka riƙa shan bitamin D kullum har kimanin shekara 5, sauran aka ba su ƙwayar da ba magani a ciki. Da Dokta Olivia Okereke da abokan aikinta suka fitar da sakamako a 2020, sai aka ga ciwon damuwa ya kama ɓangarorin biyu kusan daidai.

Saboda haka kada kowa ya saya wa mai damuwa kwalbar bitamin ya ce ya gama. Shansa fiye da kima ma yana tara kalsiyam a jini, ya ɓata ƙoda. Gwajin jini ne ke nuna wanda yake bukatarsa.

Kada kuma mu ce wa ɗan'uwa rashin bangaskiya ne ke damunsa. Ciwo ne, yana da magani. Mu ziyarce shi, mu fito da shi tsakar gida ya sha rana, mu raka shi wurin likita. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. In ya fara cewa ya gaji da rayuwa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi a ranar.

Allah ya ba mu lafiya. Amin.